TARIHIN AJIYAR KUƊI DA NEMAN ƘARUWARTA A ƘASAR BAGUDO DA BAKIN IYAKAR BENIN

1.0 Gabatarwa

Duk wanda Allah ya hore wa ɗan abin da ya rage bayan ci da sha ya taɓa yi wa kansa wannan tambaya: ina zan ajiye abin nan, inda ba zai salwanta ba, inda zan same shi ran da buƙata ta taso, inda kuma zai ƙaru ko da kaɗan ne? Masana tattalin arziki sukan amsa ta da alƙaluman kuɗin ruwa. Mu kuwa a wannan takarda za mu bi ta ne ta hanyar tarihi, mu ɗauki ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, mu ga yadda mutanenta suka yi ta fama da ita tun daga zamanin wuri har zuwa zamanin wayar hannu.

Mun zaɓi wannan yanki ne domin shekara ɗari da ɗoriya ke nan mutanensa suna zaune tsakanin kuɗi iri biyu da hukuma iri biyu. Abin da mutumin Kano ko Zariya yake ji a labari, watau tashi da faɗuwar darajar kuɗi, mutumin Illo ko Lolo ko Tsamiya yana ganinsa da idonsa kowace ranar kasuwa.

Kafin mu shiga, ya kamata mu warware wata kalma. A rubutun boko "riba" tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai wadda ake jan wasalinta na farko, watau ƙaruwar da ɗan kasuwa yake samu a kan uwar kuɗinsa, wadda halal ce. Akwai kuma wadda ba a ja, watau ƙarin da ake shardantawa a kan bashi, wanda Musulunci ya haramta. A nan za mu kira ta farko riba, ta biyu kuwa kuɗin ruwa.

2.0 Ƙasar da mutanenta

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, kogin Kwara ya ratsa ta, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin ta yamma. Daga cikin garuruwanta akwai Bagudo da Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da mutanen Bargu ne suka cakuɗa a cikinta, sana'arsu noma da kiwo da su da fatauci. A ƙetare akwai Segbana da Kandi da babbar kasuwar Malanbil.

Iyakar ba ta daɗe kamar mutanen ba. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla ran 14 ga Yuni 1898 ita ce ta raba ƙasar Bargu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Bayan 'yan shekaru Turawa suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da Gwandu. Dangi ɗaya suka wayi gari wasu suna biyan haraji da sule, wasu da faranka.

3.0 Zamanin wuri

A ƙarni na 19 ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro masu zuwa Gwanja ta wannan yanki ta bi. Ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato, ya yada zango a Jega, ya ƙetare Kwara ta wajen Illo ko Gaya, ya bi ta Kandi da Jugu har Salaga. Gishirin Foga ma ta nan yake gangarawa. Kuɗin zamanin wuri ne, ana ƙirga shi ɗaiɗai, ana ɗura 20,000 a keso guda.

Wuri yana da aibi biyu ga mai ajiya. Na farko nauyi. Bature C. H. Robinson, wanda ya zo Kano a 1894, ya ba da labarin cewa da ya so sayar da dokinsa sai ya ga kuɗin dokin zai buƙaci ɗaukar 'yan alaro masu yawa, waɗanda ladarsu za ta cinye kuɗin a hanya. Na biyu faɗuwar daraja. Daga tsakiyar ƙarnin 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wurin Zanzibar a gaɓar Afirka ta Yamma, har ya yi yawa ya yi araha. Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851 ana ba da wuri 2,500 a kan dala guda ta azurfa. Kafin ƙarshen ƙarnin sai an ba da wajen ninki biyu na wannan. Wanda ya binne tukunyar wuri yana saurayi, ya tono ta da furfura, adadin bai ragu ba, amma rabin dukiyarsa ya tafi.

Saboda haka mai hankali ba ya barin dukiyarsa a wuri. Yakan mayar da ita shanu da tumaki, ko hatsi a rumbu, ko riguna da turkuɗi, ko azurfa a hannun matarsa, a wancan zamani har da bayi. Kowanne da halinsa. Saniya tana haihuwa, amma ba a sayar da ƙafarta guda don a biya ƙaramar buƙata, ga kuma annoba irin ta ciwon bushiya da ta share garken Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1890. Hatsi yana tsada da bazara, amma ga gara da gobara. Akuya da kaza su ne ajiyar kusa: a kai kasuwa da safe, a dawo da kuɗi da la'asar.

Shari'a ma ta tsara wannan sha'ani, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Gwandu, irin su Risala da Muhtasar, sun bambanta abu biyu. Akwai ajiya ta amana: mai ita yana karɓar abinsa duk sa'ad da ya so, ba ƙari, wanda aka bai wa kuma ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci. Akwai kuma ƙirali: mutum ya ba falke jari, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, in an faɗi mai jari ya ɗauki asarar dukiya, falke ya ɗauki asarar wahalarsa. Tafiyar Gwanja kuwa takan ci watanni. Ke nan tun a wancan lokaci an san cewa mai son ƙaruwa sai ya haƙura da kusanci, ya kuma yarda da kasada. Wannan ita ce ƙa'idar da za mu ga tana ta maimaita kanta.

4.0 Sule da faranka

Turawan Ingila sun hana shigo da wuri a 1904, suka fito da anini da kwabo, suka kuma matsa a riƙa biyan haraji da kuɗinsu. A 1912 aka kafa hukumar buga kuɗin Afirka ta Yamma a Landan, sulallanta na azurfa suka fito a 1913. Jama'a suka karɓe su hannu biyu, domin sulen azurfa kuɗi ne kuma ƙarfe ne mai daraja: ana kashe shi, ana binne shi, ana kai shi wa maƙeri ya mai da shi munduwa. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko sai aka maye gurbinsu da sulallan gauraye a 1920. Takardar kuɗi kuwa ta daɗe ba ta samu shiga ba a ƙauye, saboda gara da ruwa da wuta.

A nan ne mutanen bakin iyaka suka fara koyon darasin kuɗi biyu. Kafin yaƙin, fam guda na Ingila faranka 25 ne. A tsakiyar 1926 sai da ya haura faranka 200, kafin ya daidaita a wajen 124. Mai ajiyar faranka ya yi kuka, mai ajiyar sule ya yi dariya, alhali babu wanda aka ba kuɗin ruwa ko anini. A Disamba 1945 Faransa ta ƙirƙiro wa ƙasashen da take mulka kuɗin sefa, wanda har yau shi ake kashewa a Benin da Nijar.

Hanyar ajiya ta hukuma a zamanin ita ce asusun gidan waya, wanda aka fara a Ikko a 1886. Yana biyan kashi biyu da rabi cikin ɗari a shekara, yawancin kuɗin kuma ana juya su ne a Ingila. Amma gidan waya na malaman ofis ne da 'yan sanda da sojoji, bankuna kuwa suna manyan garuruwan da jirgin ƙasa ya bi. Talakan bakin Kwara ya ci gaba da abin da ya sani: asusun ƙasa da ake fasawa gab da salla, da adashi, da ba da kiwo, da ajiya wurin attajiri ko liman, mata kuma suna tara tasoshi da kwalla. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke biyan ruwa. Adashi ma abin da ka zuba shi za ka kwasa. Amfaninsa shi ne yana raba mutum da kuɗinsa kafin hidimar dangi ta cinye su, yana kuma ba shi dunƙule a rana guda.

5.0 Naira mai ƙarfi, ajiya mai zagwanyewa

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ran 1 ga Yuli 1959, naira ta maye gurbin fam ran 1 ga Janairu 1973. Shekarun nan na arzikin man fetur su ne lokacin da naira ta fi ƙarfi: a 1980, a farashin hukuma, naira guda ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi, ta kuma haura sefa 300. Mutanen ƙetare suna shigowa neman aiki, suna koma wa da naira.

Sai dai ƙarfinta a waje bai hana ta zagwanyewa a gida ba. Gwamnati ce take yanka kuɗin ruwa a lokacin. A 1975, shekarar da aka biya ƙarin albashin Udoji, asusun ajiya bai biya fiye da kashi 4 cikin ɗari ba, farashin kaya kuwa ya tashi da fiye da kashi 30. Ma'aikacin da ya kai ariyas ɗinsa banki ya yi asara. Wanda ya sayi bijimi ko kwanon rufi ya tsira. Da aka ce manomi jahilci ne ya hana shi zuwa banki, lissafi yana bayan manomi.

A 1977 Babban Banki ya ƙaddamar da shirin kai banki karkara, ya wajabta wa bankuna buɗe rassa 200 a zango na farko, kafin ƙarshen shekarun 1980 adadin ya haura 700. Shirin ya rage nisa, amma bai magance sauran matsalolin ba: ga cike takardu da Turanci, ga layi, ga ƙyamar kuɗin ruwa, ga kuma ƙorafin cewa ana kwashe ajiyar ƙauye ana ba da ita rance a birni.

6.0 Shekaru goma na girgiza, 1984 zuwa 1994

A ganinmu babu lokacin da ya fi wannan tasiri a kan tunanin mai ajiya na bakin iyaka, don haka za mu ɗan tsaya a kansa.

A ƙarshen Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakokin ƙasa, ta ba da ƙasa da mako biyu a canza tsofaffin, kuma abin da mutum zai canza hannu da hannu bai wuce naira 5,000 ba. Manufar ita ce a kashe nairar da aka boye a ƙetare. Amma tare da 'yan fasa-ƙwauri abin ya rutsa da makiyayi da ke daji, da tsohuwar da ta ƙulle kuɗinta a lalita, da ɗan'uwa na Segbana da ya yarda da naira. Iyakar ba ta buɗe ba sai a 1986. A watan Satumba na shekarar aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, naira ta fara gangarowar da har yau ba ta farfaɗo daga ita ba. A 1987 aka sakar wa bankuna mara su yanka kuɗin ruwa da kansu.

Mai ajiya ya waiwaya ƙetare, sai ya tarar can ma wuta ce. Tsakanin 1988 da 1989 bankunan gwamnatin Benin, a zamanin Mathieu Kérékou, suka durƙushe gaba ɗaya, ciki har da babban bankin kasuwancin ƙasar. Ajiyar mutane ta maƙale, albashi ya gagara, kuma wannan yana cikin abin da ya haifar da babban taron ƙasa na Fabrairu 1990. Wanda ya ce to bari ya riƙe takardar sefa a gida, shi ma bai tsira ba. A Agusta 1993 aka daina fansar takardun sefa da aka fitar waje da ƙasashen da ke kashe ta, sannan a Janairu 1994 aka karya darajarta da rabi: faranka guda ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100 a dare ɗaya.

A gida kuwa bankuna da kamfanonin kuɗi sun yi ta gasar alkawarin ruwa mai tsoka a farkon shekarun 1990. Bankin Al'umma na 1989 da bankunan unguwa na 1990 an kafa su ne don talaka. Amma a 1995 hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin ɗari, ta lashe kowane irin ruwa, a Janairu 1998 kuma aka rufe bankuna 26 a rana guda. Sau da yawa bankin da ya fi kowa alkawari shi ne wanda ya fi kowa ƙishirwar kuɗi.

7.0 Tarkon riba mai yawa

Inda ajiyar halal ba ta biya, nan mayaudari yake kafa tarko. A 2010 kamfanin ICC-Services ya ruguje a Benin bayan ya yi wa jama'a alkawarin ninka musu kuɗi, aka ƙiyasta abin da ya salwanta da fiye da sefa biliyan 150. A Disamba 2016 shirin MMM, mai alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ya rufe asusun 'yan Nijeriya. Dabarar ɗaya ce: da kuɗin na baya ake biyan na gaba, ran da sababbin shiga suka ƙare sai a nemi mai kamfani a rasa. Abin lura shi ne irin waɗannan sukan zo da alkawarin abubuwa ukun nan a haɗe, aminci da kusanci da ƙaruwa mai yawa, abin da ko falken Gwanja bai taɓa yi wa mai jari ba. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

8.0 Daga 2013 zuwa 2024

A 2013 Babban Banki ya ɗaura kuɗin ruwan asusun ajiya da ma'auninsa na ruwa, ya ce kada ya gaza kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin. A Satumba 2020 aka rage shi zuwa kashi 10, wanda ya sa abin da mai ajiya ke samu ya koma kashi 1.25 a shekara. A Agusta 2022 aka mayar da shi kashi 30. Ƙa'idar ta zo da sharaɗin cewa wanda ya cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata ba shi da ruwan wannan wata. Ga tsohuwar ƙa'idar ajiya da ƙirali ta dawo cikin rigar zamani.

Mu yi lissafi. A ƙarshen 2024 ma'aunin yana kashi 27.5, watau mafi ƙarancin ruwan ajiya kashi 8.25; hauhawar farashi a Disamba na shekarar kashi 34.8 ce. Ko da an biya mutum wannan ruwa shekara cur, naira 100,000 za ta zama 108,250, alhali kayan da 100,000 ta saya a farkon shekara sai da 134,800. Ya yi asarar kusan kashi ɗaya bisa biyar na dukiyarsa yana ganin adadin yana ƙaruwa. Tukunyar wuri ke nan.

A ƙetare asusun ajiya na ɗan littafi yana biyan kashi 3.5 ne kawai, amma sefa tana ɗaure da yuro tun 1999, a kan 655.957. Bayan sakin naira a Yuni 2023, sai da jaka guda ta sefa, watau 1,000, ta haura naira 2,000 a 2024. Ba abin mamaki ba ne mai shinkafa ko mai shanu ya so a biya shi da sefa. Amma mun ga abin da ya faru a 1994, ga kuma 2004 da aka janye wasu takardun sefa cikin 'yan watanni. Rufe iyakar Agusta 2019, da ƙarancin takardun naira na farkon 2023, sun sake nuna cewa kuɗin da ke hannu ma hukuma tana iya nisanta shi da mai shi.

Akwai kuma sababbin ƙofofi. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, yana karɓar ajiya bisa tsarin raba riba, wanda shi ne ƙiralin da kakanninmu suka sani. A 2017 gwamnatin tarayya ta fito da takardun ajiya da ake iya saye daga naira 5,000, da kuma sukuk, amma duka biyun na shekaru ne. Wakilan banki masu na'urar POS sun kai hidimar cire kuɗi kasuwannin ƙauye, sai dai ladar da suke karɓa a cirewa ɗaya tana iya fin ruwan wata guda a kan ƙaramar ajiya. A 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan.

9.0 Kammalawa

Abu uku muka tsinta a wannan bibiya. Na farko, a tsawon wannan tarihi abin da ya fi arzuta mai ajiya ko talauta shi darajar kuɗin da ya riƙe ce, kuɗin ruwa ya zo a baya. Na biyu, rinjaye ya yi ta sauya hannu: sule ya fi faranka a 1926, naira ta fi sefa a 1980, sefa ta karye a 1994, ta kuma yi sama a 2024. Wanda ya tattara dukiyarsa a gefe ɗaya, ranarsa tana zuwa. Na uku, mutumin ƙauye da ya raba abinsa kashi-kashi, ɗan kuɗi a hannu, adashi, awaki, buhunan shinkafa, saniya a wurin Bafulatani, ba rashin wayewa ya sa shi ba. Tarihi ne ya koya masa.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Malamanmu na lissafi da na zaman jama'a a kwalejojin ilmi su koya wa ɗalibai cire hauhawar farashi daga kuɗin ruwa kafin su ce an samu ƙaruwa. Bankuna su rubuta sharuɗɗan asusunsu da Hausa, boko da ajami, musamman sharaɗin yawan cirewa. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa su kusanto garuruwan iyaka, domin mutane da yawa ba ƙarancin ruwa ne ya hana su banki ba, kasancewarsa ne. Hukuma kuma, duk ran da za ta sauya takardun kuɗi, ta tuna da makiyayi da masunci kafin ta yanka wa'adi.

A ƙarshe, dattawan da suka ga canjin 1984 da karyewar sefa ta 1994 suna nan da ransu a Illo da Ka'oje da Lolo. Muna kira ga ɗalibanmu na tarihi su je su ɗauki bayanansu tun ana iya samunsu.